Ja a gaba, shuɗi a baya: littafin aikin akwatin haske

4 ga Fabrairu

Daren jiya ina kwance, fitila a kashe, na ci karo da wani zane a waya: jan zobe a tsakiyar ɗigo-ɗigon shuɗi, bayansu baƙi ƙirin. Zoben ya taso daga gilashin wayar kamar an ɗaga shi da allura, shuɗin kuma ya nutse ciki. Na ɗauka idona ne ke yi mini gizo saboda barci. Na murtsuke ido, abin yana nan. Da na rufe ido ɗaya sai komai ya kwanta, zobe da ɗigo duk suka koma shafi ɗaya. Na buɗe, zoben ya sake tasowa. Na yi haka ya fi sau ashirin.

Na yanke shawarar gina akwati, faɗi da tsawo santimita 40, wanda zai nuna wannan abu ba tare da wani tabarau ba. Burina duk wanda ya tsaya gabansa ya ga jan ya fito, shuɗin ya shige. Sharaɗi ɗaya na gindaya wa kaina: launukan biyu su zauna a kan shafi guda, babu wanda ya fi wani kusa ko da da kaurin takarda. In ba haka ba, ha'inci ne.

6 ga Fabrairu

Na zana siffofi shida a kwamfuta. Ja zalla, wato 255, 0, 0 a lambobin ja, kore da shuɗi da kwamfuta ke haɗa launi da su, da shuɗi zalla, 0, 0, 255, a kan baƙi. Siraran layuka da ƙananan ɗigo sun fi manyan faci tasowa. Faci mai faɗi gefensa kawai ke motsi, tsakiyarsa ba ta nuna komai.

9 ga Fabrairu

Kwana uku ina karatu, ban taɓa almakashi ba. Masana suna kiran abin kuromositiriyofsis, kuma ba sabo ba ne. Tun 1810 Goethe, marubucin nan na Jamus, ya rubuta cewa shuɗi kamar ja da baya yake yi daga mai kallo. Wanda ya zauna ya bi diddigin dalilin shi ne Willem Einthoven, ɗan ƙasar Holan, a kundin digirinsa na likita a Utrecht a 1885. Shi ne dai mutumin da ya samu lambar Nobel a 1924 saboda na'urar auna bugun zuciya. Na ji daɗin sanin cewa da wannan 'yar tambaya ya fara.

Ga yadda na fahimta. Ido yana lanƙwasa haske don ya tara shi a kan tantanin da ke bayansa, amma ba ya lanƙwasa kowane launi daidai wa daida. Haske tafiyar igiyar ruwa yake yi, kowane launi da tsawon zangonsa. Shuɗi, mai gajeren zango, ya fi lanƙwasuwa. Ja, mai dogon zango, ya fi taurin kai. Abin da ɗigon ruwan sama ke yi ke nan har bakan gizo ya fito. Daga ƙarshen shuɗi zuwa ƙarshen ja, bambancin a idon mutum ya kai kusan diyofta 2, ma'aunin da ake rubuta ƙarfin tabarau da shi. Ba kaɗan ba ne.

Wannan kaɗai bai isa ya kawo zurfi ba, dishi-dishi kawai zai kawo. Abin da ya cika shi shi ne, wurin da gani ya fi kaifi a bayan ido ba ya kan layin tsakiyar ido sak, ya goce wajen kunne da kusan digiri 5. Ita ma 'yar baƙar ƙofar da haske ke shiga ta cikinta ba lallai ta zauna a tsakiya cif ba. Saboda haka haske yana shiga a karkace, ja ya sauka nan, shuɗi ya sauka can gefe kaɗan. A idon dama gocewar ta yi wannan ɓangare, a idon hagu ta yi ɗaya ɓangaren. Ita kuwa ƙwaƙwalwa da irin wannan bambanci tsakanin hoton ido biyu take auna nisa tun muna jarirai. Ba ta da hanyar sanin cewa launi ne ya kawo shi, sai ta karanta shi a matsayin zurfi. Shi ya sa da na rufe ido ɗaya komai ya kwanta.

11 ga Fabrairu

Yau asara na yi. Na so in buga zanen a takarda in manna a fuskar akwatin, in huta da haɗa wuta. Takarda 14 na ɓata, kwalbar baƙar tawada ta kusa ƙarewa, ban samu ko ɗaya mai amfani ba.

Matsala ta farko shuɗin. A fuskar kwamfuta haske ne zalla, amma firinta ba ta da shuɗiyar tawada. Tana haɗa shi ne daga tawada biyu, mai ruwan sararin sama da mai ruwan hoda mai duhu, sai ya fito kamar shunayya. Ita kuwa shunayya akwai ja a cikinta, to ina amfanin shuɗin da ya haɗiyi abokin hamayyarsa? Na rage ruwan hodar, ya koma fari-fari. Na ƙara, ya koma kusan baƙi, sai an matso ake ganinsa.

Ta biyu baƙin. Tawada mai yawa ta jiƙa takardar ta kumbura, da ta bushe kuma tana ƙyalli. Da zarar haske ya faɗa kanta, ido ya ga fuskar takardar da ƙurajenta, ƙwaƙwalwa ta tabbatar cewa abu ne shimfiɗaɗɗe, shi ke nan zurfin ya tafi. A waya abin ya yi kyau ne saboda a duhu babu abin da ke tona asirin gilashin. Na gwada takarda marar ƙyalli a bugu huɗu na ƙarshe. Akwai ɗan tasowa in na tsaya nesa na ƙura ido, amma ba abin da zan kira mutum ya zo ya gani ba.

Na haƙura da tawada. Fitilun LED zan yi amfani da su.

12 ga Fabrairu

Na yanka falankin jikin akwatin, na shafa baƙin fenti marar sheƙi a ciki. Shafi biyu. Yana bushewa.

15 ga Fabrairu

Abin da ya faru yau ya girgiza tushen aikin gaba ɗaya.

Kafin in ci gaba da gini na ga ya dace in nuna wa mutanen gida zanen a kwamfuta. Na kashe fitila, na zaunar da ƙanwata, ban gaya mata abin da za ta gani ba. Na ce, wanne ya fi kusa da ke? Ba ta ko yi jinkiri ba ta ce shuɗin. Na ce ta sake dubawa. Ta ce, "Yaya, shuɗin ne a sama, jan kamar rami aka haƙa masa." Na ce ko dai tsokanata take yi. Ranta ya ɗan ɓaci, ta ce, "Wallahi Yaya abin da na gani na faɗa maka. In so kake in faɗi naka, sai ka gaya mini tun farko." Na ba ta haƙuri, don gaskiyarta ce.

Daga nan na kira kowa ɗaya bayan ɗaya, ina hana wanda ya fito ya yi wa na baya bayani. Mu bakwai ne har da ni. Huɗu mun ga ja a gaba. Biyu sun ga shuɗi a gaba. Baba ya daɗe yana kallo ya ce, "Ni fa ban ga komai ba sai zane, ɗana." Idonsa na hagu ya yi rauni shekaru da yawa, da na dama yake yawancin ganinsa, kuma wannan abu sai da ido biyu.

Mutum bakwai ba su isa a kafa hujja da su ba, amma sun isa su rushe burina. Na koma karatu na tarar an daɗe da sanin haka: mafi yawan mutane ja suke gani a gaba, wasu akasin haka, wasu ba sa ganin komai. Na karanta wannan tun ranar 9 ga wata, na wuce shi da sauri saboda bai dace da abin da nake so ba. Sai da ƙanwata ta faɗa mini a fuska na yarda.

17 ga Fabrairu

Na maimaita gwajin Einthoven, kuma tun da na fara aikin nan ban yi farin ciki kamar yau ba.

Kati biyu kawai ake buƙata. Na riƙe ɗaya a gaban kowane ido, na turo su a hankali daga wajen kunnuwa har suka rufe rabin ƙofar ido na waje. Ina kallo jan zoben ya nutse, shuɗin ya taso. Duniyar ƙanwata ke nan na shiga. Sai na sa katin a tsakiya, bisa karan hanci, ya rufe rabin ciki na kowane ido. Jan ya yi tsalle ya fito fiye da yadda na taɓa gani.

Na kira ta na ce ta rufe ta wajen hanci. Ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, ashe haka kake gani!" Mun kusa awa muna musayar katin.

Dalilin a fili yake in an zana shi. Hasken da ya shiga ta gefen waje na ƙofar ido, jansa yana sauka ta wajen kunne a tantanin baya, can ne kuma hoton abu na kusa yake sauka. Wanda ya shiga ta gefen hanci, akasin haka. Bambancin da ke tsakanina da ita bai wuce 'yar gocewar da ba ta kai milimita ba a cikin ido.

20 ga Fabrairu

Fitilu sun samu: ja 20, shuɗi 20. A takardar bayaninsu zangon hasken jan yana wajen nanomita 625, na shuɗin wajen 470. Launi mai tsabta, ba gauraye kamar tawada ba.

Kuskuren farko: na haɗa ja da shuɗi a jere kafaɗa da kafaɗa a kan resista ɗaya, wato ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta. Jan ya kama, shuɗin ko ƙyaftawa bai yi ba. Na ɗauka matattu aka ba ni, na cire biyar ina gwadawa ɗaya-ɗaya, duk lafiyarsu ƙalau. Ashe ja yana kamawa ne a wajen bolt 2, shuɗi sai ya samu wajen bolt 3. In suna layi ɗaya, ja ya riƙe wutar a matakinsa, shuɗi ba zai taɓa samun abin da zai tashe shi ba. Garin gyara kuma na taɓa wayar wuta kai tsaye na ƙona ja uku. Yanzu kowace fitila da resistarta: a wutar bolt 5, om 150 ga ja, om 100 ga shuɗi.

23 ga Fabrairu

Yankan fuskar akwatin da reza. Zobba uku da ɗigo 48. Yatsana ya yi kanta. Ban gama ba.

26 ga Fabrairu

Na kunna akwatin a karon farko, abin da ya fito shunayya ce fal. Farar takarda mai shara-shara da na sa a bayan fuskar don ta baza haske ta karɓi ja da shuɗi a tare ta gauraya su.

Dabarar da ta fara zo mini ita ce in matso da jajayen fitilun gaba, su manne da ramukansu, shuɗin su tsaya a baya. Har na fara kwance su sai na tuna sharaɗina. In na yi haka, duk zurfin da aka gani ba zan iya rantsewa cewa ido ne ya ƙirƙire shi ba. Na mayar da su.

Abin da na yi a ƙarshe: takarda mai baza haske guda ɗaya tak, manne da bayan fuskar, ita ce shafin da ake kallo. A bayanta na gina katangu da baƙin kwali, kowane launi da ɗakinsa, bakin katangar yana taɓa takardar. Ya ci mini yini biyu da kwali uku, saboda lanƙwasa kwali ya bi zobe ba wasa ba ne. Har yanzu akwai wuri biyu da haske ke yoyo, na toshe da baƙin tef. Da na kashe fitilar ɗaki na ja da baya, zobban suka taso. Na daɗe a tsaye.

28 ga Fabrairu

Wani tunani ya hana ni sakat. Abu mai haske yakan yi kamar ya fi kusa ko da wane launi ne. To ko jan nawa ya fi haske ne kawai? A fuskar kwamfuta haka yake: in an raba hasken fari, kore ke ɗauke da kusan kashi 72 cikin ɗari, ja kusan 21, shuɗi kusan 7. Na sa wa kowane launi abin murɗawa na rage wuta. Na dusashe jan har ya kusa mutuwa, na ƙure shuɗin. Da ido biyu, jan yana nan a gaba, dusasshe amma a gaba. Da ido ɗaya kuwa shuɗin mai haske ne ya ɗan fi kama da na kusa. Abubuwa biyu ne daban ashe, kuma rufe ido ɗaya ne ke raba su.

Haka ma zancen masu zane cewa launi mai ɗumi yana matsowa, mai sanyi yana ja da baya. Akwai gaskiya a ciki, don duwatsu masu nisa shuɗi-shuɗi suke saboda iskar da ke tsakani, kuma ido ya saba da hakan. Amma wannan yana aiki ko da ido ɗaya. A ganina bai kamata a riƙa cakuɗa shi da abin da nake ginawa ba, ko da yake sau da yawa suna tafiya tare.

3 ga Maris

Gwajin nisa. Na shimfiɗa tef ɗin awo a ƙasa, na yi alama a rabin mita, mita 1, 2 da 4.

A rabin mita da ƙyar nake ganin tasowar. A mita 2 zoben kamar ya fito da kaurin yatsa biyu. A mita 4 ya yi kamar zan iya zura hannu a bayansa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai na so in ga ko lissafi zai goyi bayan kimar. Gocewar launin a cikin ido kusurwa ce da ba ta canjawa da nisa, zurfin da ƙwaƙwalwa ke fassara ta da shi kuwa yana ƙaruwa ne da nisa sau nisa. Na ɗauki misalin gocewar kashi ɗaya cikin 60 na digiri, da tazarar milimita 63 tsakanin idanu. A rabin mita zurfin ya kama milimita ɗaya da ɗoriya. A mita 2, kusan santimita 2. A mita 4, santimita 7 da wani abu. In ka ninka nisa, zurfi ya ninka huɗu. Ya yi kusa da abin da na gani.

Wannan ya sauya inda zan ajiye akwatin. Ba abin ɗorawa a tebur ba ne, ƙarshen doguwar baranda yake so.

5 ga Maris

Na koma kwamfuta na juya bayan zanen daga baƙi zuwa fari. A idona zurfin ya ragu sosai, kuma ya juye: shuɗin ya ɗan fi kusa. An san wannan ma tun tuni. Bayanin da ya gamsar da ni shi ne, a kan baƙi jan faci haske ne ja da aka ƙara. A kan fari kuwa, jan faci wuri ne da aka cire kore da shuɗi, don jan yana ko'ina, ciki da waje. Saboda haka gefen facin, wanda ido ke kamawa, kore da shuɗi ne suka shata shi, su ne kuma suke gocewa. Na sha karanta wannan kafin ya zauna mini.

8 ga Maris

Wani abokina mai kaurin tabarau ya zo. Ya ce zobban sun fito masa kamar tafin hannu tun daga mita 2. Da ya cire tabarau ya matso inda yake iya gani, abin ya ragu ƙwarai. Gilashin tabarau, in ba ta tsakiyarsa kake kallo ba, yana raba launuka kamar gilashi mai kusurwa uku. Ya juya kai hagu da dama, ya ce jan da shuɗin suna zamewa a kan juna. A kan wannan hanya Richard Steenblik ya ƙirƙiro tabarau na ChromaDepth, masu raba launi da gangan, ja ya zo gaba, shuɗi ya koma can baya, sauran su jeru a tsakani.

Bayan minti goma ya ce kansa ya fara sarawa, muka kashe. Ni ma na lura da haka a kwanakin nan. Ido ba ya iya daidaita ja da shuɗi a lokaci guda, in ɗaya ya yi tar sai ɗayan ya yi dishi, sai ya yi ta kai da komo. Dalilin da ya sa jan rubutu a kan shuɗi yake da azabar karantawa ke nan. Masu gwajin ido ma suna cin moriyar wannan bambanci, da allon nan mai rabi ja rabi kore da suke tambayar wane ɓangare ya fi fitowa. Zan rubuta a jikin akwatin cewa kada a daɗe ana kallo.

11 ga Maris

Na ƙara ɗaki na uku da koren fitilu shida. A idona kore ya zauna a tsakani, hawa uku ke nan. Ƙanwata ma hawa uku ta gani, a juye.

13 ga Maris

Gam ya saki a kusurwar hagu saboda ɗumin fitilu. Na sake mannawa, na huda ramukan iska huɗu a baya.

16 ga Maris

Na zauna na lissafa abin da aikin ya ci zuwa yau: takarda 14 da tawadar da suka sha, fitilu uku da suka ƙone, kwali biyar, reza shida, da wajen awa 50.

Burin farko na ajiye shi. Akwatin da kowa zai ga ja a gaba ba zai ginu ba, sai in an ɗora wa mutane tabarau ko an yi ha'incin da na ƙi. Kuma yanzu ba na ma son sa. Abin da ya fi ƙayatar da ni a makonnin nan shi ne lokacin da mutum biyu suka tsaya gaban abu ɗaya, kowa ya rantse da abin da ya gani, sannan kati ya ba kowa idon ɗan'uwansa.

Saboda haka mataki na gaba abin leƙawa ne. Kati biyu masu zamewa a cikin firam ɗaya, kowane da huda mai faɗin milimita ɗaya. Na auna tazarar idanuna a madubi, milimita 64. Na huda na gwaji biyu da allura: mai tazarar 66 ya fito da ja, mai tazarar 62 ya fito da shuɗi. Matsalar ita ce hudar tana rage haske ƙwarai, shuɗin ya kusa ɓacewa a mita 4, kuma gefen hudar allura yana da gashi-gashi. Zan gwada huda a siririn gwangwani in goge bakinta, in kuma ƙara shuɗin fitilu takwas. Firam ɗin dole ya buɗe daga wajen milimita 50 zuwa 72 don ya ɗauki yara da manya.

Akwai kuma gwajin da ban yi ba: ƙofar ido tana buɗewa a duhu ta tsuke a haske, tsakiyarta kuma tana ɗan gocewa, kuma an samu mutanen da abin yake juye musu in hasken ɗaki ya canja. Ina so in sake zaunar da mutanen nan shida, sau ɗaya da rana taga a buɗe, sau ɗaya da dare, in rubuta amsar kowa ba tare da ya ji ta wani ba. Baba ya ce shi zai riƙe takardar rubutun. Gobe zan fara yankan firam.